Kirdadon Farashin Mai Da Kasafin Kuɗin Nijeriya: Darasin Shekaru 50

A duk shekara, idan Shugaban Ƙasa ya gabatar da kasafin kuɗi a gaban Majalisar Dokoki ta Tarayya, akwai alƙaluma uku da ake ɗora dukkan lissafin a kansu. Na farko shi ne farashin da ake sa ran za a sayar da gangar ɗanyen mai. Na biyu shi ne yawan gangunan da ake sa ran haƙowa a kowace rana. Na uku kuma shi ne darajar Naira a kan dalar Amurka. Dukkansu kirdado ne a kan shekarar da ba ta riga ta kama ba, amma a kansu albashin ma'aikata ya dogara, da aikin hanyoyi da asibitoci, da kason da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 ke karɓa a kowane wata.

Yin kirdado ba laifi ba ne, domin babu mai harkar dukiya da zai iya kauce masa. Manomi yana lura da sauyin iska da dawowar shamuwa kafin ya fitar da iri. Ɗan kasuwar Dawanau yana sayen hatsi da kaka bisa tsammanin abin da farashi zai zama da bazara. Abin dubawa shi ne yadda ake yin kirdadon, da kuma tanadin da ake yi wa ranar da zai saɓa. A wannan fanni, tarihin tattalin arzikin Nijeriya tun daga 1973 ya nuna wata ɗabi'a guda da ke ta maimaita kanta, wato ɗaukar halin da ake ciki yau a matsayin hoton gobe, musamman idan yau ɗin ta zo da daɗi.

A ƙarshen 1973, sakamakon yaƙin Larabawa da Isra'ila da takunkumin mai da ya biyo baya, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A cikin wannan yanayi ne aka tsara Shirin Raya Ƙasa na Uku na 1975 zuwa 1980, wanda aka ƙiyasta zai ci Naira miliyan dubu 30, wato kusan ninki goma na shirin da ya gabace shi, daga baya ma aka ɗaga shi ya haura Naira miliyan dubu 43. Masu shirin sun yi tsammanin haƙo mai zai kai ganga miliyan 3 a rana kafin ƙarewar wa'adinsa. Sai ga shi tun a shekarar farko haƙon ya sauka ƙasa da ganga miliyan 2, kuma har yau ƙasar ba ta taɓa kai wa waccan miliyan 3 ba.

Kashe kuɗi kuwa bai jira kirdadon ya tabbata ba. An biya ƙarin albashin Udoji har da ariyas, hauhawar farashin kaya ta kai kimanin kashi 34 cikin 100 a 1975. A shekarar ce kuma aka yi odar siminti tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas watanni da dama ana biyan su kuɗin jira. Zuwa 1978 ƙasar da ake ganin kuɗi sun yi mata yawa ta shiga kasuwar lamuni ta Turai ta ciwo bashin dala miliyan dubu 1.

Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake cilla farashin sama har ya doshi dala 40, aka kuma maimaita lissafin. Shirin Raya Ƙasa na Huɗu na 1981 zuwa 1985 an ɗora shi a kan Naira miliyan dubu 82. Kafin a je ko'ina kasuwa ta cika da mai, masu saye suka ja baya, har ta kai gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. A tsakiyar 1986 ganga ta faɗo zuwa wajen dala 10. Kuɗin da ƙasar ke samu daga sayar da mai a waje, wanda ya kai kimanin dala miliyan dubu 25 a 1980, ya koma ƙasa da sulusin haka. Abin da ya biyo baya shi ne shirin SAP da karyewar darajar Naira, da ayyukan da aka bari a kango a faɗin ƙasar.

Adalci ne a ce jami'an Nijeriya ba su kaɗai suka yi wannan kuskure ba. A farkon shekarun 1980 manyan bankuna da kamfanonin mai na duniya da dama sun ba da bashi, sun kuma zuba jari, bisa imanin cewa farashi zai ci gaba da hawa. Wani bincike da masanin tattalin arziki Prakash Loungani na Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya wallafa a 2001 ya gano cewa daga cikin koma-bayan tattalin arziki 60 da ƙasashe suka fuskanta a shekarun 1990, biyu kacal masu kirdado suka hango shekara guda kafin aukuwarsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kirdado yana aiki da alƙaluman jiya, su kuwa alƙaluman jiya suna nuna alƙiblar da aka nufo ne, ba sa nuna kwanar da ke gaba. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma kasuwar mai ta sha nuna cewa yaƙi ɗaya ko annoba ɗaya a ranar Alhamis na iya rushe dukkan alamun Laraba.

Akwai kuma wani nau'in hangen gaba da ya fi wannan rauni, wato wanda ake ɗaukar buri a sa masa kwanan wata. A shekarun 1980 an yi ta alƙawarin lafiya ga kowa da gidaje ga kowa kafin shekara ta 2000. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa kwamitin Hangen 2010 a ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan, wanda ya miƙa rahotonsa a 1997, rahoton kuma ya bi gwamnatin da ta nemi a yi shi. A 2009 aka ƙaddamar da Hangen 20:2020, da nufin Nijeriya ta shiga sahun ƙasashe 20 mafi ƙarfin arziki, da dukiyar da ƙasa ke samarwa a shekara ta dala miliyan dubu 900, da kason kowane ɗan ƙasa na dala 4,000. Da shekarar 2020 ta zo, abin da aka samu bai wuce kimanin rabin kowanne daga alƙaluman biyu ba. Waɗannan takardu suna ɗauke da shawarwari masu ma'ana, sai dai wa'adinsu yakan yi nisan da babu wanda ya sa hannu a kansu da zai kasance a kan kujera ranar da za a tambayi sakamako.

Shekarun baya-bayan nan ba su sauya labarin ba. A watan Yuni na 2014 ganga ta haura dala 110, a watan Janairu na 2016 ta sauka ƙasa da dala 30, tattalin arzikin ƙasar ya shiga koma-baya a shekarar, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi. An tsara kasafin 2020 a kan dala 57 da ganga miliyan 2.18 a rana, annobar korona ta tilasta a sake shi a kan dala 28. A 2022 kuma saɓanin ya ɓullo ta wata kafar. Farashi ya haura dala 100 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, amma satar mai da fasa bututu suka jawo haƙon ya sauka ƙasa da ganga miliyan 1 a watannin Agusta da Satumba, alhali kasafin farko ya ɗauka za a haƙo miliyan 1.88. Tallafin man fetur kuma ya lashe mafi yawan abin da ya shigo.

Masu kare gwamnatoci sukan ce babu wanda zai iya hango annoba ko yaƙi, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai wannan hujja ita ce ke ƙarfafa wajabcin tanadi. Ba a san ranar da farashi zai karye ba, amma an san zai karye, tun da ya yi haka a 1986 da 1998 da 2008 da 2014 da 2020. Wasu kuma sukan ce ƙasar da jama'arta ke fama da talauci ba ta da halin ajiye kuɗi. Amsar wannan tana cikin tarihin ƙasar kanta. A 2004 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta soma tsara kasafi a kan farashin da ya gaza na kasuwa, tana zuba rarar a Asusun Rarar Mai. Da wannan ajiya aka biya kimanin dala miliyan dubu 12 a yarjejeniyar 2005 da ƙungiyar Paris Club, wadda ta yafe wa ƙasar dala miliyan dubu 18. Asusun ya kai wajen dala miliyan dubu 20 a 2008, saboda haka lokacin da ganga ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da dala 40 cikin watanni shida, Nijeriya ta tsallake ba tare da koma-baya ba. Talakan da aka ce ajiya za ta cuta shi ne ya tsira daga kora daga aiki da tsayawar albashi.

Abin da ya kashe wannan tsari shi ne rashin gindin doka. Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a zuba kuɗin shigar tarayya a asusu guda a raba wa matakan gwamnati uku, gwamnoni suka riƙe wannan suka garzaya Kotun Ƙoli, aka riƙa yashe asusun ana rabawa. A tsakiyar 2022 abin da ya rage a ciki bai kai dala miliyan 1 ba. Hukumar zuba jarin ƙasa da aka kafa da dokar 2011 ta soma da dala miliyan dubu 1, wanda ya yi kaɗan ƙwarai idan aka gwada da girman kasafin ƙasar. Shi kansa farashin kasafi ya zama abin ciniki. A kasafin 2013 ɓangaren zartarwa ya gabatar da dala 75, Majalisa ta mayar da shi dala 79, a na 2014 kuma aka tashi daga dala 74 zuwa 77.5, watanni kaɗan kafin kasuwar ta rushe. Duk dalar da aka ƙara a takarda tana nufin ƙarin kuɗin rabo yau da ragin ajiyar gobe, don haka mai ƙarawar yana da muradi a cikin amsar tun kafin a yi lissafin.

Wasu ƙasashe sun nemi maganin wannan. Tun farkon shekarun 2000 ƙasar Cile, wadda ta dogara da tagulla, ta ɗora wa wani kwamitin masana masu zaman kansu alhakin ƙiyasta farashin tagulla na dogon lokaci, gwamnati kuma ta tsara kashe kuɗinta a kan abin da suka faɗa. Norwe ta kafa asusun mai a 1990, ta zuba kuɗin farko a 1996, kuma a 2017 ya haura dala tiriliyan 1, tare da ƙa'idar cewa ɗan kaso kaɗan gwamnati ke taɓawa a shekara. Kamfanin Shell tun farkon shekarun 1970 ya saba wa manajojinsa da nazarin yanayoyi daban-daban da za su iya faruwa, har da tashin farashi na ba-zata, saboda haka girgizar 1973 ba ta same shi a barci ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi Nijeriya sanin gaibu. Fifikon da suka samu shi ne sun tsara al'amuransu yadda kuskuren kirdado ba zai durƙusar da su ba.

Saboda haka akwai matakai huɗu da suka kamata. Na ɗaya, a cire tsayar da farashin kasafi daga hannun masu cin moriyar ɗaga shi, a miƙa wa kwamiti mai zaman kansa da zai yi aiki da matsakaicin farashin shekaru da dama. Na biyu, kowane kasafi ya zo da lissafi uku, na shekarar yalwa da na tsaka-tsaki da na ƙunci, tare da bayanin ayyukan da za a jinkirta idan ƙuncin ne ya zo, don kada almakashi ya faɗa kan makarantu da asibitoci cikin gaggawa. Na uku, Ofishin Kasafin Kuɗi ya riƙa buga jadawalin abin da aka kirdada da abin da ya auku a kowace shekara, a kuma yi haka ga dogayen shirye-shirye irin Ajandar 2050 da aka amince da ita a 2023. Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta riga ta wajabta tsarin kasafi na shekaru uku, abin da ya rage shi ne bin diddigi. Na huɗu, a gyara Tsarin Mulki domin ajiyar rarar mai ta zama tilas a kan dukkan matakan gwamnati.

Lamarin ya ƙara zama na gaggawa ganin cewa makomar man kansa tana cikin taƙaddama. A 2023 Hukumar Makamashi ta Duniya ta yi hasashen buƙatar mai za ta kai ƙololuwa kafin 2030, ita kuwa ƙungiyar OPEC a 2024 ta ce buƙatar za ta ci gaba da ƙaruwa har 2050. Dole ɗayansu ya saɓa, kuma ƙasar da mai ke samar mata da mafi yawan kuɗin musaya ba ta da ikon jingina rayuwar jama'arta a kan wanda ya fi mata daɗin ji.

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin wannan. Yakan haɗa gero da dawa da wake a gona guda, domin in damina ta gajarta ɗaya ya tsira, kuma ba ya buɗe tsohon rumbu ya sayar sai ya ga sabon amfani ya nuna. Ƙissar Annabi Yusufu, wadda Musulmi da Kirista suka sani, ba ta tsaya ga fassara mafarkin sarki ba, ta ci gaba zuwa tara hatsi na shekaru bakwai na yalwa domin bakwai na fari. Nijeriya ta ga yalwar mai aƙalla sau huɗu tun 1973, sau ɗaya kawai ta yi ajiyar kirki, kuma a wannan karon ne kaɗai faɗuwar farashi ba ta kai ta ƙasa ba. Wajibi ne Majalisar Dokoki ta Tarayya da gwamnonin jihohi su kafa dokar ajiyar tun kasuwa tana da sauƙi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.