Majalisa Ko Kasuwar Surutu?

'Yan'uwana ɗalibai, ina da ƙorafi a kanmu, kuma ba zan yi rufa-rufa ba. Mun fi kowa yawan wuraren hira, amma mun fi kowa tashi daga cikinsu hannu rabbana. A nan unguwarmu Zaitawa, da wuya ka ratsa lungu bayan sallar isha'i ba ka tarar da majalisa a kan dakali ko tabarma ba, kuma kusan kowace akwai ɗan jami'a a ciki. To, me yake ƙara mata? Yawanci ba abin da ya wuce Turanci. Da an taɓa shi a musu sai ya jefo wata jibgegiyar kalma, tela da ɗan tireda su yi tsit, shi kuwa ya ɗauka ya yi nasara. Alhali kuwa ba a kayar da mutum da harshen da ba ya ji, sai dai a rufe masa baki.

Wai hira ce kawai, ba aji ba ne. Wannan uzuri shi ne ya fi ba ni haushi. Ashe mun manta da Majalisar Taɗi ta Bauci, wadda aka kafa a 1943? Su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ke zama a cikinta, kuma ba su fi mu littattafai ba, balle waya a aljihu. Sai dai su sukan tsai da batu ɗaya tun kafin zama, kowa ya je ya shirya, a sa shugaba mai ba da izinin magana, a sa magatakarda. Da haka taɗi ya yi kaifi har aka kai ga tambayar abin da ake dubawa wajen yanka wa sarki albashi, hukuma ta ga ba dama ta rufe majalisar. A 1950 aka kafa NEPU a nan Kano, Malam Aminu ya zama jagoranta. A 1957 Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Tamu majalisar fa, wa zai ɓata lokacinsa ya rufe ta? Daga ƙwallon Ingila sai gulmar auren wane.

Ban ce a hana raha ba, ni ma ina sonta. Amma dare ɗaya a mako ba zai gagare mu ba: a ɗauki zance ɗaya, ko na kwatamin unguwa ne, ko na tsadar hatsi, wanda ya kawo magana ya faɗi inda ya samo ta, ɗan jami'a ya fassara iliminsa da Hausa, sa'an nan ya yi shiru ya saurari dattijon da ya shekara arba'in a Kasuwar Kurmi.

Malamanmu kuma kada su ce ba ruwansu. Wanda ya shekara yana karanta wa ɗalibai takarda su kwafa, bai taɓa barin wani ya ja da shi ba, shi ne ya aiko mana da wannan mai rufe bakin tela.