Kafin Mu Zuba Kuɗin Ƙungiya a Takin Kwalba

'Yan'uwa manoma na Kura da Bunkure,

Tun da cuta ta cinye citta a Kudancin Kaduna a 2023, maganar gangamau ta yi yawa a bakin mutane. Har ta iso mu nan Kadawa. Tare da ita kuma sai ga masu tallar wani ruwa a kwalba, suna cewa ƙwayoyin halitta ne masu rai, wai in an zuba shi an rabu da kamfa da yuriya ke nan. Waɗansu cikinmu har sun fara cewa a taɓa ajiyar ƙungiya a saya. Mu dai mun ce a dakata tukuna.

Ba mu ce ƙarya ce duka ba. Akwai ƙwayoyi a ƙasa waɗanda ido ba ya gani, Allah ya sa su su yi wa tsiro aiki. Ku tuge gyaɗa ko waken suya, ku dubi saiwar. Waɗannan 'yan ƙululun da ke jikinta gidajensu ne. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to suna nan suna jawo abinci daga iska, irin abincin nan da muke saye a buhun yuriya. Cibiyar IITA ta Ibadan tana yin garin irin waɗannan ƙwayoyi, sunansa NoduMax. Akan cuɗa shi da iri da ruwan ƙaro, a shanya a inuwa, a shuka ran nan. Amma na waken suya ne kaɗai. Gangamau ba ya yin ƙululu. Wanda ya sayar maka da shi don gangamau ya cuce ka.

A Indiya, inda aka fi noman gangamau a duniya, suna amfani da waɗansu ƙwayoyi dabam. Wasu na zama kusa da saiwa suna tara ɗan abinci, wasu na narkar da sinadarin sufa da ya maƙale a ƙasa. Sai dai can ma a kan taki mai yawa na shanu suke zuba su. Abu mai rai sai ya ci. Gonar da ta shekara goma ba ta ga takin dabba ba, me za su ci a cikinta? Ga kuma zafi. Kwalbar da ta wuni a rana a kasuwar Kura cikin watan Afrilu, wa ya san ko da sauran mai rai a ciki?

Akwai abin da ya fi wannan damunmu. Gangamau yana wata 8 zuwa 9 a gona. In ka dasa shi a watan Mayu, ka rasa shinkafar damina, ka kuma rasa lokacin alkama da tumatir. Ba ya son ruwa ya kwanta masa, sai ya ruɓe. Mu kuwa mun san filayenmu. Ruwan Tiga albarka ne, amma inda magudana ta toshe, kachala ta rufe ta, ƙasar jiƙe take rani da damina.

Shawararmu ita ce kowace ƙungiya ta ware ɗan fili a kan tudu, a yi kunya masu tsayi, a zuba ruɓaɓɓen taki ko'ina daidai. A raba shi uku: ɗaya taki kaɗai, ɗaya da ƙwayoyin, ɗaya da rabin kamfa. Magatakarda ya rubuta ranar dashe da kuɗin da aka kashe. Ran haƙa a auna a gaban kowa, har da zumuntar mata, tun da su ne za su dafa shi su shanya. Kwalba kuwa a sayi ɗaya tak, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarta, a ajiye ta a gindin randa. Kuma kafin a dasa ko gutsure ɗaya, a aiki mutum biyu kasuwar Dawanau su tambayo farashin busasshen gangamau, da wanda zai saya.