Ra'ayinmu: Gidan Hayar Soja, Sunan Wa Ke Kan Takarda?

Ba kaɗan ba ne cikin membobin wannan reshe waɗanda ke da ɗa ko ƙane ko miji a gidan soja. Wani ya fito kurtu daga Defo na Zariya, wani ya bi ta makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna, waɗansu 'yan'uwanmu malamai mata kuwa a bariki suke zaman aure. Don haka abin da soja zai yi da ɗan abin da yake tarawa ba baƙon zance ba ne a wannan shafi, balle ma da yake sau da yawa a hannunmu kuɗin ke sauka. Yaro yana bakin daga a Borno ko Zamfara, ya turo alawus ɗinsa gida, ya ce, "Baba, a sama mini fili a ɗora 'yan ɗakuna." Daga wannan rana malamin makaranta ya zama wakilin gini, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Tunanin yaron daidai ne, kuma muna goyon bayansa. Ɗakin bariki aro ne. Ranar da aka yi ritaya, ko ranar da ta Allah ta kasance, iyali za su tattara komatsansu su ba wani wuri. Gaskiya ne sojoji ba sa cikin tsarin fanshon karo-karo, suna da hukumar fanshonsu ta daban, amma fansho ba rufin kwano ba ne, kuma kowa ya ga yadda hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ta lashe darajar albashi da ajiya. Ƙaramin gida mai sassa uku ko huɗu, ɗaya na iyali, sauran na 'yan haya, yana maganin abu biyu lokaci guda: wurin kwana da kuɗin cefane.

A Amurka gwamnati ce ta share wa soja wannan hanya. Tun daga dokar 1944 da ta tanadi tallafin waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar kula da tsofaffin sojoji take tsaya wa soja lamuni a banki. A yau yana iya sayen gida mai sassa har huɗu ba tare da ya ajiye kafin alƙalami ba, muddin zai zauna a ɗaya daga ciki, kuɗin hayar sauran kuma ya taimaka masa wajen biya. Namu sojan ba shi da ƙofa mai faɗin wannan. Mafi kusa da ita shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwan kashi 6 cikin 100, a biya cikin shekaru har 30. Sai dai rancen na gidan da mutum zai zauna ne, yana kuma bukatar takardun fili masu inganci. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz. Mafi yawan 'ya'yanmu dai da adashe da tsimi suke gini, bulo bayan bulo.

To, a nan ne muke so mu yi magana da kanmu, mu iyaye da yayye, ba tare da kara ba. Al'adar da ta yi yawa ita ce, tun da yaron ba ya nan, sai a rubuta takardar cinikin fili da sunan uba ko babban wa, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. A shari'ar gado da kotunanmu ke aiki da ita, idan soja ya riga mahaifinsa rasuwa, sannan mahaifin ya bi baya alhali yana da waɗansu 'ya'ya maza a raye, 'ya'yan sojan ba su da kaso a dukiyar kakansu, domin baffanninsu sun tare su. Matar sojan kuwa daman ba ta gadon surukinta. Ke nan gidan da aka gina da guminsa, a wani lokacin ma da jininsa, zai shiga rabon waɗanda ba su sa ko ƙusa ɗaya ba, marayunsa su koma jiran tausayi. Za a iya zuwa kotu da shaidu a ce kuɗinsa ne, amma wace bazawara ce mai goyo ke da ƙarfin ja da dangin mijinta shekara da shekaru?

Idan kuwa sunansa ne a takarda, babu wanda ya yi asara. Matarsa na da tumuni idan akwai 'ya'ya, uwa na da sudusi, uba ma ba ya gaza sudusi, saura ya tafi ga 'ya'yan. Uban da ya rubuta sunan ɗansa bai cire kansa daga komai ba, ya dai rufe ƙofar fitina ne tun ba ta buɗe ba. 'Yan'uwanmu Kirista su ma abin ya shafe su, domin ko a wace kotu aka je, abin da ke rubuce shi ake fara dubawa.

Takardar ma sai an san wace iri ce. Sa hannun mai unguwa da shaidu abu ne mai kyau, amma mafari ne kawai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sayar da filin da ke da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, ba ya cika sai da amincewarsa. Kafin a biya dillali ko sisi, a je hukumar filaye ta jiha, kamar KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano, a bincika ko filin na wanda ke sayarwa ne, ko ba a kan hanyar ruwa ko titin da aka tsara yake ba. A nemi izinin gini. Masu rusau ba sa tambayar ko mai gidan yana bakin daga. Shi kuma sojan ya rubuta wa wakilinsa takardar wakilci a gaban lauya, wadda ta fayyace abin da ya halatta masa da abin da bai halatta ba: ya karɓi haya, ya yi gyara, amma ba zai sayar ko ya jinginar ba.

Sauran shawarwarin gajeru ne. A gina a garin da ake da ido, ba a garin da aka tura mutum aiki bana ba, domin baɗi sigina ɗaya na iya mayar da shi wani ɓangaren ƙasa. A fara da kaɗan: ciki da falo guda biyu da aka gama, da banɗaki da ruwa da mitar wuta ta kowane sashe, sun fi tushen ɗaki goma da damina ke ci. Wanda ya ga buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ya san abin da ke samun ginin da aka bari rabi da rabi. Kada kuma a lissafa kuɗin haya kamar albashi. Wani sashen zai yi watanni babu kowa, kwano zai yi yoyo, masai zai cika, akwai kuma ɗan hayar da zai zo da labari a maimakon kuɗi. Mafi wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwa da za a ce ya ɗan zauna kafin ya samu wuri. In za a yi wannan alheri, mai gidan ne zai yi shi da bakinsa, ba wakili ba.

Mu malamai ba mu da uzuri a kan lissafi. Wanda ya shekara ashirin yana cika rajistar aji da takardar sakamako ba zai ce riƙe littafi ɗaya na shiga da fita ya gagare shi ba. Kowane buhun siminti da rasit ɗinsa, kowane kuɗin haya da kwanan watansa, a ɗauki hoto a tura wa mai dukiya, a kuma bar matarsa ta san inda takardun suke.

Muna kira ga shugabannin reshe su sanya wannan batu cikin ajandar babban taro mai zuwa, su gayyato lauya da malamin da ya san rabon gado, a ba iyalai damar yin tambaya. Kafin nan, duk memban da ke riƙe da filin ɗansa ko ƙanensa soja da sunan kansa, ya ɗauko takardar cikin wannan hutu, a je a sauya sunan tun kowa yana raye.