Lafiyar Iyali: Kada Amai Ya Raba Mara Lafiya Da Magani



Shekaru da dama, 'yan uwanmu Hausawan Sudan mazauna Mai Wurno da ƙauyukan Jazira sukan kai masu ciwon daji Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya katse aikinta, har wasu suka riƙa doguwar tafiya zuwa Marawi neman magani. To, wanda ya sha wannan wahala, bai kamata amai ya sa shi barin magani a tsakiya ba.

Maganin kemo yakan taɓa hanji, sai hanjin ya saki wani sinadari mai suna serotonin, shi kuma ya tayar da sashen ƙwaƙwalwa mai haddasa amai. Idan ba a yi rigakafi ba, fiye da tara cikin goma na masu karɓar cisplatin sukan yi amai. Wani yakan zo cikin awa 24 na farko, wani kuwa sai daga kwana na 2 zuwa na 5, lokacin da mara lafiya yake hanya ko ya iso gida.

Alhamdu lillahi, akwai rigakafi. Ondansetron, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, yana tare aikin serotonin. Akan haɗa shi da dexamethasone, wani lokaci da aprepitant ko olanzapine. Ana ba da su ne kafin a sa kemo, domin tare amai ya fi tsayar da shi sauƙi. Sai dai ondansetron yakan kawo taurin bayan gida, dexamethasone yana ɗaga sukarin jini, olanzapine kuma yana sa barci. Saboda haka mai ciwon sukari ya sanar da likita tun farko.

Mai jinya ya nemi ƙwayoyin da za a sha a gida kafin a bar asibiti, a kuma sha su kan lokaci ko da zuciya ba ta tashi ba. A ba mara lafiya kunu kaɗan-kaɗan, a nisanta shi daga ƙaurin suya. Idan ya wuni ruwa ma ba ya zama a cikinsa, a gaggauta kai shi asibiti mafi kusa. In Ramadan ya riske shi, Shari'a ta ba shi rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Sudan lafiya, amin.