Ba Kowane Ciwon Gaɓoɓi Ne Sanyi Ba

Daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi, duk wanda gaɓoɓinsa suka yi ciwo sai a ce masa sanyi ne, a aika yaro kemis. Mun ga wata uwa a zumuntar mata wadda ta shekara uku tana shan ƙwayoyin da mai kemis yake ƙulla mata a leda. Fuskarta ta kumbura, mutane suna ta yi mata barka wai ta yi ƙiba, alhali yatsunta suna karkacewa har ta kasa riƙe taɓarya. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Akwai ciwon gwiwa da tsufa da wahalar noma suke kawowa. Akwai kuma wani amosanin gaɓoɓi dabam, wanda likitoci suke kira rumatoyid. A wannan cuta, fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da suke tsare jiki, su ne suke juyowa su auka wa shimfiɗar da take cikin gaɓa, ta kumbura, sannu a hankali ta cinye guringuntsi da ƙashi. Yawanci yakan fara da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, mutum ya tashi da safe hannu a sandare har sa'a guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne suke fama da shi, kusan kashi 70 cikin ɗari kuwa mata ne.

To, yaya ake gane shi? Likita yakan duba gaɓoɓin, sa'an nan ya sa a auna jini. Awon da ya fi daɗewa shi ne RF, wanda aka gano tun 1940. Amma a ƙasarmu yana da ruɗi, gama tarin fuka da ciwon hanta da yawan zazzaɓin cizon sauro duk suna iya sa ya nuna a jinin wanda ba shi da cutar. Dokta Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan kafin ya koma Zariya, ya rubuta a 1968 cewa cututtukan da jiki yake yaƙar kansa ba su cika yawa a yammacin Nijeriya ba. A ganinmu, maganar nan ta daɗe a kunnuwa har ta sa ba a cika neman cutar ba. Awon anti-CCP, wanda ya shigo wajen shekarar 2000, ya fi dacewa da mu, domin ba kasafai yake nunawa ga mai lafiya ba, kuma yakan bayyana shekaru kafin ciwo ya soma. ESR da CRP kuwa ƙarfin kumburi suke nunawa, da su ake bin sawu a ga ko magani yana aiki.

Masana yanzu sun shiga ƙirga dakarun da kansu, ƙwayoyin T da na B, ta wurin alamun da suke jikinsu. Wanda ya taɓa raka mara lafiya awon CD4 ya riga ya ga irin wannan aiki. Maganin rituximab, wanda aka amince da shi don wannan cuta a 2006, alamar CD20 ta ƙwayoyin B yake bi. Sai dai ƙirgar ƙwayoyin har yanzu aikin ɗakin bincike ne, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan ita ce za ta yanke hukunci. Haka nan kuma wasu suna da cutar, jininsu bai nuna kome ba, don haka takardar awo ba ta maye gurbin idon likita.

Abin da ya fi damunmu shi ne lokaci. Ɓarnar gaɓa takan soma tun cikin shekara biyu na farko, abin da ya lalace kuwa ba ya komowa. Dexamethasone da prednisolone suna kwantar da zafi, amma shan su barkatai yana jawo ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi, su ne kuma masu kumbura fuska. Diclofenac yana cin ciki da ƙoda. Maganin da yake tare cutar, methotrexate, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, da kulawar likita, kuma haramun ne ga mai ciki.

Mun sani tafiya Gusau ko asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ba wasa ba ce, ga tsadar mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanyar Shinkafi da ta Zurmi. Saboda haka muna roƙon gwamnatin Zamfara ta tsara yadda za a riƙa ɗibar jini a manyan asibitocin garuruwan nan uku, a kai shi Gusau, sakamako ya dawo wa mara lafiya. Dattawan Ikilisiya kuma, yadda muke tara baiko don rufin ɗaki, mu ware wani abu don kuɗin mota da awo. Duk 'yar'uwar da yatsunta suka yi mako shida a kumbure, shugabar zumunta ta sa a raka ta asibiti, ta tafi da ledar ƙwayoyin da take sha domin likita ya gani.