Kafin a cire maka haƙori

Hutun da ya wuce na tarar da ƙanena a Pauwa kumatu a kumbure, an cusa masa kanumfari a kogon haƙori. Kowa cewa yake a cire kawai a huta. Na hana.

Ƴan'uwa ɗalibai, haƙorin da ya fito bayan famfara in aka cire shi, ya tafi ke nan. Likitan haƙori kan iya ceto shi: ya yi allurar kashe zafi, ya huda haƙorin, ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar ciki, ya wanke, ya toshe. Mu sai da muka je Asibitin Koyarwa na Aminu Kano har sau biyu, kuɗin mota kam mun ji a jika.

Kanumfari zogi kawai yake ragewa. In kuwa zogin ya ɗauke da kansa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ciwon na nan.