Gyaran Kafet Ɗin Masallaci Ba Raina Kyauta Ba Ne



Duk wanda ya zaga ƙauyukan Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Tsanyawa ko Minjibir a 'yan shekarun nan zai lura cewa tabarmar kaba da buzu sun yi ƙaura daga masallatai da yawa, kafet ya maye gurbinsu. Yawanci ɗan gari ne da Allah Ya buɗa masa a birni yake sayowa ya aiko, ko ɗan siyasa, ko matasa su yi karo-karo, galibi gab da azumi. Alheri ne, Allah Ya saka musu. Sai dai a masallatai da dama ba a rufa wata uku kafet ya fara tattarewa, ya yi tudu a tsakiyar sahu, haɗinsa ya buɗe baki, ƙofa ta daina rufuwa, damina na sauka wari ya biyo baya. Jama'a na gani, amma baki ya yi nauyi, don kada a ce an raina kyauta. A ganinmu shirun nan ya fi muguwar shimfiɗar illa, domin ita shimfiɗa yini ɗaya ya isa a gyara ta, shi kuwa shiru yakan kai shekaru.

Wani zai ce abin bai kai a yi masa rubutu ba. To ya tuna su wa ke cika sahun farko da asuba: dattawa ne, wasu da sanda, wasu ganinsu ya yi rauni, ga shi sau da yawa babu wuta sai hasken tocila. Tudun da yaro zai tsallake bai ma lura ba, shi zai harɗe ƙafar ɗan shekara 70, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba lalle ya tashi ba. Ga kuma kuɗin da aka zuba. Kafet da ya kamata ya yi shekaru yana hidima, in ya zauna a kan danshi, damina biyu sun ishe shi ruɓewa.

Yawancin matsalar daga awo take farawa. Wanda ya sayi kafet a Kano sau da yawa ta waya aka gaya masa girman masallacin, shi ma mai faɗar da taku ya auna, ko da ido. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kima ba ta isa a yanka kafet da ita. Ga rikicin yadi da mita: yadi ƙafa 3 ne, wato kimanin santimita 91, mita kuwa santimita 100. In an auna mita 10 a ƙauye, mai shago ya yanka yadi 10, an yi giɓin kusan santimita 86, wato abin da ya kusa cinye sahu guda. Sannan ginin ƙasa, kai har na bulo a karkara, ba kasafai kusurwoyinsa ke daidaita ba. Shi ya sa ake auna bango huɗun duka da tef, a kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗakin a karkace yake, dole a ƙara rara a kan abin da za a sayo.

Abu na biyu shi ne daɓe. Kafet ba ya ɓoye aibin ƙasa, fito da shi yake yi. Rami ko tsaguwa a siminti, nan ne zai fara cinyewa. Sabon siminti yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, bushewarsa sarai takan wuce haka, amma saboda saurin a buɗe masallaci kafin ganin wata sai a rufe shi da ɗanyensa. Gwajin danshi ba ya cin ko sisi: a shimfiɗa guntuwar leda a ƙasa, a danne gefunanta, a bar ta ta kwana. In an tarar da gumi a ƙarƙashinta da safe, ƙasar ba ta shirya karɓar kafet ba. A watan Agusta, lokacin marka, wannan gwaji ya fi faɗar gaskiya.

Yadda ake gyaran tattarewa kuwa ba boyayye ba ne. A ɗage kafet ɗin duka, a share, a kankare tsohon gam, a cike ramuka. A baje shi ya kwana ɗaya ko biyu don lanƙwasar naɗi ta sake shi. Sannan a fara daga sahun farko, bayan liman, a ja igiya a miƙe, a ɗora layin kafet a kanta, a riƙa turawa daga tsakiya zuwa gefe, sai a ƙarshe a yanke rarar da wuƙa mai kaifi. Farawa daga gaba yana sa guntun da ya rage ya faɗa can baya, ba a gaban jama'a ba. Wurin haɗi, a tabbata gashin ɓangarorin biyu yana kwance ta fuska ɗaya, in ba haka ba sai a ga kamar launi biyu ne, kuma kada haɗin ya faɗo a bakin ƙofa inda ƙafa ta fi yawa. Ƙofar da ke kama kafet, kafinta ko mai walda zai rage ƙasanta cikin ɗan lokaci. A bar kamar taku biyu daga bakin ƙofa babu kafet, a sa tabarmar roba, domin mutanenmu daga gona suke zuwa, ga ƙura, ga ruwan alwala a ƙafa.

Akwai batun da ya fi waɗannan nauyi. Kafet ɗin masallaci da layin sahu yake zuwa, kuma da zarar an shimfiɗa shi, layin nan ne jama'a ke bi. In mai shimfiɗa ya bi karkataccen bango, sahu ya karkace ke nan sau biyar a yini, duk da tunatarwar da liman ke yi kafin kabbara. A bakinmu alƙibla gabas ce, amma daga ƙasar Kano Ka'aba tana gabas maso arewa, kimanin digiri 68 daga arewa, wato ta kauce wa tsantsar gabas da kusan digiri 22. Akwai hanyar tantancewa da ba ta buƙatar waya. Sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A kafa sanda a miƙe a fili, wanda ya tsaya a ƙarshen inuwarta ya dubi sandar, ya dubi alƙibla. Mun san malamai sun yi bayanin cewa wanda yake nesa da Makka fuskantar jiha ta wadatar masa, don haka ba muna cewa sallar kowa ta ɓaci ba, kuma hukunci na liman ne da malaman gari. Abin da muke cewa shi ne, tun da za a ɗage kafet, babu lokacin da ya fi wannan dacewa a duba.

Yanzu ga hujjar masu shiru. Suna cewa in an taɓa kafet, mai kyauta zai ji an muzanta shi, gobe ba zai sake ba. Wannan tsoro yana da tushe, don mun san halin mutane. Amma wanda ya sayi kafet don Allah lada yake nema, kuma sadaka mai gudana tana gudana ne muddin ana amfana da ita. In ta ruɓe cikin shekara biyu, wa aka cuta in ba shi ba? Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hanya ita ce kwamitin masallaci ya fara tuntuɓarsa, a gode masa, a ce masa, "Alhaji, kayanka na da kyau, shimfiɗar ce ba ta yi ba, muna neman izini mu gyara." Da wuya mai hankali ya ƙi. Nan gaba kuma a sa kuɗin ƙwararren mai shimfiɗa cikin lissafi tun farko, maimakon a bar wa samari da reza bayan isha'i. Inda daɓen ba zai gyaru ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi: tabarma, wadda ake naɗewa a kakkaɓe a shanya a rana, ta fi kafet mai wari daraja.

Mu da muke koyon rubutu muna da rabo a nan. A ƙauyuka da yawa mu ake kira mu rubuta wasiƙar kwamiti da takardar neman taimako. Iya tsara magana mai nauyi yadda babba zai karɓa ba tare da ya ji an taɓa girmansa ba, aikin alƙalami ne, kuma ya fi wuya a kan yabon gari da muka saba gani. Duk wanda masallacin unguwarsu ke da wannan matsala, ya ɗauki tef ya auna, ya rubuta abin da ya gani da adadinsa, ya kai wa liman cikin ladabi kafin damina ta kankama.

Allah Ya ƙara wa masu hidimar masallatai lada, Ya kare mana iyayenmu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.